Gishirin Gidan Furaij

A bakin mahaifiyata na fara jin sunan Furaij, kuma cikin faɗa. Wana ne ya kwaso wasu Turawa biyu daga bakin teku ya kawo su har ƙofar gidanmu wai su sha shayi. Ta tare ƙofa, hannunta duk kwaɓin fulawa, tana cewa, "Mayar da su rumfa ka sayar musu! So kake ka mai da mu gidan Furaij?" Ina ƙarama a lokacin, sai na ɗauka Furaij wata cuta ce da ake kwasowa a jikin baƙi. Sai da na yi wayo na gane mutum ne, kuma namu ne. Ƙanin kakata ne ta wajen uwa, dogon tsohon nan da ke wucewa ta bayan gidanmu da sassafe riƙe da jarkar ruwa da tsumma. Abin da zan faɗa, wani a bakinsa na ji, wani a bakin matan gidanmu, ƙarshensa kuwa ina zaune aka yi.

An haifi Furaij a unguwar Asala tun garinmu na Dahab bai wuce dabinai da 'yan bukkoki ba. Da kamun kifi ya tashi. Ya kama, ya shanya, ya ɗora wa raƙumi ya kai wa dangi cikin duwatsu. Da baƙi masu nutso suka fara zuwa da tukwanen iska a bayansu, babu hanyar mota zuwa Shuɗin Rami, wani rami mai zurfi da ke cikin teku, raƙuman Furaij ne ke kai musu kaya. Da aka yi hanya sai ya kafa rumfa a bakin Ramin, ya shimfiɗa dardumai, yana sayar da shayi da gurasar da matarsa Subhiyya ke gasawa cikin toka.

Ramin na nan daf da gaɓa, daga rumfar kana ganin inda ruwa ya sauya launi. Can ƙasa akwai wata kafa da ake kira Ƙofa, wadda ta ɓulle zuwa babban teku. Mutanenmu ba su taɓa sha'awar ganin ta ba. Masu kuɗi kuwa daga ƙasashe masu nisa suke tasowa don su ratsa ta, su koma gida su ce sun ratsa. Zurfin wurin maye yake sawa, mutum ya ji daɗi ya sake, ya manta ina ne sama. Wasu sun fito, wasu ba su fito ba. Waɗanda ba su fito ba, danginsu kan zo su manna musu allo mai suna a jikin dutsen da ke kallon ruwan.

Furaij da Subhiyya kuwa an san su da surutu. Maƙwabta sun ce tun asuba ake jiyo su.

"Abu Awwad, wallahi raƙumin nan ya fi ka kamun kai. Shi in ya ga Bature ba ya washe haƙora."

"Ai shi ba shi da mace mai son awarwaro, Ummu Awwad."

"Wane awarwaro? Wanda ka saya mini tun kana da gashi a ka?"

"To gashin ina ya tafi? Ba bakinki ne ya tsige shi ba?"

Haka suke har ya kama hanya, wani lokaci ta biyo shi ƙofar gida ta ƙarasa masa sauran maganar.

Ɗansu ɗaya ne. Sun binne jarirai kafin shi, shi ya sa suka sa masa Awwad, sunan da ake sa wa wanda ya zo ya maye gurbi. Ya tashi a bakin Ramin, ya koyi yarukan baƙi a gindin butar shayi, ya koyi nutso, har ya zama mai raka su cikin ruwa. An shaide shi da taka-tsantsan. Abokansa har tsokanar sa suke yi, wai kafin ya shiga ruwa sai ya duba igiyoyinsa kamar tsohuwa na duban kwarkwata.

Sai ga wani baƙo mai suna Lorenz. Attajiri ne ɗan attajirai, 'yan gari suka sa masa Abu Agogo saboda wani ƙaton agogo da ke hannunsa. Ya hau duwatsun ƙanƙara, ya yi tsalle daga jirgin sama, yanzu Ƙofa ce ta rage masa. Ba mugun mutum ba ne, wannan kowa ya faɗa. Yana cire takalmi kafin ya hau darduma, yana tambayar sunan kowane raƙumi. Ya shaƙu da Furaij, har wata rana ya ce yana so ya ci abinci a gidansa, ba a rumfa ba.

Subhiyya ta ƙi. "A rumfa ciniki ne, ya ci ya biya ya tafi. In ya ci a nan ya hau wuyanmu."

"Haba Ummu Awwad, mutum ya roƙi gurasa a ce masa a'a? Me zan ce wa ubana a lahira?"

"Ka ce masa matarka ce ta hana, ai ya san halina."

Duk da haka ta dafa. Kifi da shinkafa, da gurasa mai zafi, da ɗan kwanon gishiri a gefe. Lorenz ya gutsuri gurasa ya dangwala a gishirin ya kai baki. Furaij ya tafa hannu, ya ce wa ɗansa ya fassara masa: a wurinmu wanda ya ci gurasa da gishirin gidanka, kwana uku gishirin na cikinsa, kuma duk abin da ya same shi a kwanakin nan kai ya sama. Lorenz ya ji daɗin maganar ƙwarai. Ya daki ƙirji ya ce ashe gobe ba abin da zai taɓa shi. Aka yi dariya. Awwad ne kaɗai bai yi ba.

Da safe suna ɗaure kaya, Awwad ya ce, "Baba, mutumin nan ba ya jin magana. Na ce masa da irin iskar da ke cikin tukwanenmu ba a zuwa Ƙofa. Bakinsa ya ce to, amma idonsa bai ce ba."

Furaij yana jan igiya, ko ɗagowa bai yi ba. "To ka sa masa ido. Gishirinmu na cikinsa. Kai ka shiga da shi, kai za ka fito da shi."

Ya faɗe ta ne kamar yadda ake ce wa matafiyi a sauka lafiya. Subhiyya na tsaye a bayansu da gurasar rumfa a naɗe cikin ƙyalle.

Abin da ya faru a ƙasa, Humaid ne ya gani, abokin aikin Awwad da ke rakiyar wasu baƙin. Ya ce sun kai inda aka yi alkawarin tsayawa, Lorenz bai tsaya ba. Ya ci gaba da gangarawa, hannuwansa a buɗe kamar ya hango wani ɗan'uwansa. Awwad ya ƙwanƙwasa tukunyarsa da wuƙa don ya ja hankalinsa, ya sake ƙwanƙwasawa. Sai ya ɗaga kai ya dubi hasken sama, ya ɗan jima yana duba. Sa'an nan ya kifa kai ya bi shi.

Furaij na rumfa ya ɗora musu shayi. Shayin ya tafasa ya ƙone a buta.

Dangin Lorenz suka iso da jirgin kansu. Aka kawo ƙwararru daga ƙasar waje da tukwanen iska iri-iri, jirgi mai saukar ungulu na shawagi, 'yan jarida sun cika gaɓa har suna taka dardumar Furaij da takalmi. Bayan 'yan kwanaki aka fito da gawar Lorenz. Babban ƙwararrun ya zo ya riƙe hannun Furaij, ya ce sun hango Awwad can ƙasa da inda suka kai, amma isa gare shi sai da wani sabon shiri. Washegari suka naɗe kayansu, aikin da aka kawo su yi ya ƙare. Jaridu suka buga hoton Lorenz a kan dutsen ƙanƙara yana murmushi. A ƙasan labarin aka ce har da wani ɗan gari mai rakiya.

A bakin ruwa aka yi wa Awwad salla, sahu ya miƙe babu gawa a gaban liman. Da masu ta'aziyya suka watse, Furaij ya shiga ɗaki ya tarar da Subhiyya zaune. Ba ta kuka. Ta dube shi ta ce, "Ina tsaye da gurasa a hannuna. Na ji ka."

Daga wannan ba ta sake yi masa magana ba.

Ba ta bar gidan ba, ba ta daina yi masa girki da wanki ba. Tana magana da kowa, har faɗa tana yi da maƙwabta kamar da. Shi kaɗai ta cire. In dole ta kama, sai ta fuskanci butar shayi. "Buta, gaya masa abinci ya sauka." "Buta, gaya masa rufin ɗaki na yoyo." Shi kuma ya amsa mata kai tsaye, "Na ji, Ummu Awwad," ta yi kamar iska ce ta wuce. Gishirin gidan kuwa, ranar da aka share makoki ta ɗauki tulunsa ta juye a bayan katanga. Tun daga ranar gurasa lami, shinkafa lami, kifi lami. Mutum na zaune a bakin teku, iskar da yake shaƙa ma gishiri ce, amma babu shi a kwanonsa. Furaij bai taɓa tambaya ba, bai kuma taɓa ɓoye ɗan ƙulli a aljihu ba. Kakata ta sha cewa ya zo ya ci a wurinta, sai ya ce ya ƙoshi. Abu ɗaya yake jira a duniya, kowa a dangi ya san shi: ranar da matar nan za ta dube shi ta kira sunansa.

Da shekara ta zagayo sai ga mahaifiyar Lorenz, tsohuwa 'yar firit mai sanda, ta zo da allon tagulla. Ta nemi wanda zai manna mata shi a dutse, samarin gaɓa duk suka juya baya. Furaij ne ya tashi ya kwaɓa siminti. Da ya gama ta zauna a rumfarsa, ta kama kuka irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Ya zuba mata shayi, ya zauna nesa kaɗan har ta yi shiru. Ta sa Humaid ya tambaye shi ko zai yarda a ƙara sunan Awwad a allon, kuma ko za ta iya ganin mahaifiyar yaron. Furaij ya kai saƙon gida.

Subhiyya ta ce, "Buta, gaya masa mu ba ma rubuta suna a kan matattunmu. In ma muna yi, ɗana ba zai kwana a dutse ɗaya da wanda ya ja shi ba. Ita kuma an ba ta nata ta wanke ta binne. Me za ta gani a fuskata?"

Tsohuwar ta koma ƙasarsu ba su haɗu ba.

Iskar teku na cin tagulla, allon ya fara yin kore. Sai aka ga Furaij da jarka da tsumma yana wanke shi. Daga baya ya ga na kusa da shi ma ya dushe, ya haɗa da shi, a hankali har ya zama duk allunan dutsen shi ke wanke su. Samari suka samu abin tsokana.

"Kawu, yau an yi wa Turawa wanka?"

"Sun ce a gaya maka ruwan ya yi sanyi, gobe ka ɗumama!"

Shi kuwa sai ya ce, "Su dai ba su da surutu, shi ya sa na fi son zama da su a kan ku."

Wasu ba da wasa suke faɗa ba. Suna cewa mutanen da suka zo da kuɗinsu suka sayi mutuwa, har suka tafi da ɗansa, su ne yake yi wa bauta. Kakata ta tsare shi wata rana ta ce, "Furaij, don Allah me kake nema a dutsen nan?" Ya ce, "Yaya, aikin da na sa yaron ne bai ƙare ba. Na ce ya kula da baƙon. Kuma in ina wankin, ba mai tambayata me nake yi tsaye a bakin Ramin."

Shekaru suka tafi a haka, kusan ashirin. Raƙuman suka ƙare, rumfar ta koma hannun wani. Na gama sakandare, ƙafafun Subhiyya suka fara kumbura, sai mahaifiyata ta riƙa tura ni ina kama mata aiki. Wata ranar Juma'a da rana, jikokin kakata biyu, Salama da Jum'a, suka shigo gaida tsofaffin. Lokacin duniya ta ɗauka da labarin wasu attajirai da suka shiga ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa don su kalli wani tsohon jirgi da ya nitse, aka neme su aka rasa. Samarin suka zauna a tsakar gida suna kallo a waya suna shewa.

Salama ya ce, "Ka ji fa! Kuɗin da zai sayi Asala da dabinanta suka biya don a rufe su cikin gwangwani."

Jum'a ya ce, "Ai sun ga abin da suka je gani, har an ba su masauki."

"Dubi jiragen da aka tura neman su. Kwanan nan jirgin talakawa ya kife da ɗaruruwan mutane, har da 'yan ƙasar nan. Wa ya tura musu ko kwalekwale?"

Furaij na gefe yana jan carbi. Subhiyya ta miƙa hannu. "Kawo in gani." Salama ya kai mata wayar yana dariya. Aka nuna teku, aka nuna jirage, sai aka nuna wata mata daga nesa tsaye a bakin ruwa, ta rungume hannuwanta, ba ta motsi. Subhiyya ta kafa mata ido.

"Ku rufe mini baki," in ji ta.

"Kaka, ke ma? Irinsu ne fa suka..."

"Na fi ka sanin irinsu, ɗan nema. Kana cikin zani na san su. Maganarka ta jirgin talakawa gaskiya ce, Allah ya isar musu. Amma wannan da ke tsaye, dube ta. Ita ma ba za a ba ta abin da za ta wanke ba. Gobe za ta tashi ta dubi ruwa, jibi ma haka. Kuɗin nata su sayo mata barci in gani. Ku tashi ku ba ni wuri, ku je can ku yi dariyarku."

Suka fita sumui-sumui. Ta daɗe zaune tana murza gwiwarta. Da la'asar ta yi ta jawo kwanon fulawa, ta ce da ni, "Ayida, je gidanku ki ce wa uwarki ta ba ni gishiri." Na tsaya ina kallon ta. Ta ce, "Kurma ce ke?"

Ita ta kwaɓa da hannunta, ta binne a toka, ta ciro ta kakkaɓe. Na kai wa Furaij tare da shayi. Ya gutsura ya kai baki, sai bakin ya tsaya. Ya riƙe lomar bai tauna ba, bai haɗiye ba, idonsa na kan tabarma.

Subhiyya ta juya ta fuskanci butar da ke kan garwashi.

"Buta, gaya masa ko bai faɗa ba yaron nan zai bi shi. Ni na haife shi, na san abina. Tun ranar na sani." Ta ja numfashi. "Gaya masa teku ba ta jin faɗa, Baturen kuma ya mutu. Shi kaɗai ne ya rage mini a kusa."

Hawaye na bin gemun Furaij. Ya haɗiye lomar da ƙyar, ya goge fuska da gefen rawani. Sai shi ma ya juya wajen butar.

"Buta, gaya mata gishirin ya yi yawa."

Wani sauti ya kuɓuce wa Subhiyya, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Ta ce, "Buta, gaya masa hannu ne ya manta awo. In bai so ya ajiye."

Bai ajiye ba, ya cinye har gutsattsarin.

Na so in ce daga ranar komai ya koma kamar da, amma ba haka aka yi ba. Bakin da ya shekara da shekaru a rufe ba ya buɗewa a yini ɗaya. Ta ci gaba da bi ta wajen buta, sai dai yanzu saƙonnin sun yi tsawo, har da tsokana a ciki. Da sanyi ya shigo ciwon ya kwantar da ita. Wata safiya yana zaune a bakin shimfiɗarta, ta buɗe ido ta dube shi, shi ɗin kansa, ta ce, "Abu Awwad, ja mini bargon nan, ƙafata ta yi sanyi." Ya ja mata. Kafin azahar ta cika.

Duk wanda ya zo ta'aziyya sai Furaij ya gaya masa. "Ta kira ni. Ta ce in ja mata bargo." Wasu ba su gane abin da yake nufi ba, suna cewa Allah ya ji ƙanta kawai.

Bayan rasuwarta ya dawo gidanmu da zama. Mahaifiyata ta riƙa yi masa girki mai daɗi, amma bai iya ci. Harshensa ya saba, duk abin da aka sa wa gishiri ɗaci yake yi masa. Dole aka koma ɗebar masa nasa kafin a zuba. Ya ci gaba da zuwa dutsen har ƙafa ta gaza, shekara biyu bayan ta shi ma ya bi ta. An binne shi kusa da ita, dutse a kai dutse a ƙafa, babu rubutu.

Ana saura 'yan makonni ya rasu, na kai masa gurasarsa lami. Ya san ni ce mai bin tsofaffi da tambaya, ya ce in zauna.

"'Yar makaranta, na san wata rana za ki ba da labarin nan. Mutane za su ce matar ta yi wa mijinta horo, ta hana shi gishiri shekara da shekaru. Kada ki bari su tsaya a nan. Tukunya ɗaya ce a gidan. Ki gaya musu abin da na ci shi ta ci."